Ƙishirwa a Garin Ruwan Sama

Kwana arba'in da haihuwar Nusaiba
ban san barci ba, kuma ba kukanta ba ne.
Ita tana kwance lamo, ni ce mai sintiri,
ƙarfe ɗaya, biyu da kwata, uku saura,
daga famfo zuwa bayi, daga bayi zuwa famfo,
har matakalar bene ta haddace tafin ƙafata.

A Sheffield ruwa ba ya gajiya.
Yana dukan rufi, yana wanke motar maƙwabci,
ni kuwa harshena ya koma busasshiyar ganda.
Gora goma sha ɗaya Lawandi ya ƙirga a bakin gado,
duk na shanye, duk sun wuce
kamar an zuba a rariya.
Nono ya ƙafe. Kai yana sara ta bayan ido.

Inna ta ce a waya, ruwa ba ya tsami banza,
je ki a auna suga.
Aka auna. Babu ko ɗigo.

Likita Pemberton ta hana ni ruwa tun asuba,
azumin da ba niyya, ba lada,
ana ɗora ni a sikeli kowace awa
kamar buhun da ake zargin ya huje.
Da la'asar na roƙi ƙanƙara, ko ta lasa.

Sai ga hoton cikin kaina a jikin gilashi.
Ta sa bakin biro a ƙasan ƙwaƙwalwa:
kin ga wannan, bai fi ƙwayar wake ba,
shi ke aika wa ƙoda cewa ta riƙe ruwa.
Ya kumbura. Sojojin jikinki ne suka far masa,
sun ɗauka baƙo ne.
Saƙo ya yanke, ƙoda ta saki ƙofa.

Na daɗe ina kallonsa.
Ashe mai tsaron madatsar nan ɗan mitsitsi ne,
shekara talatin da ɗaya yana aiki
ban taɓa ce masa sannu ba.

Feshi ɗaya a hanci kafin in kwanta.
Daren nan ban ji ƙarar famfo ba.
Kukan Nusaiba ne ya tashe ni, shida ta gota,
na miƙa hannu cikin duhu
na taɓa kofin da na ajiye jiya.
Yana nan cike.