Sandar Bakin Kogi

Bara, daren Laraba, ruwa ya zo
bai yi sallama ba.
Ya bi ta fadamar Ilu, ya kwantar da shinkafa da cikinta,
ya shigo zaure ya same mu da barci a ido.
Katangar ƙasa ta sha, ta sha, ta durƙusa.
Rumbun Hansai ya tafi da geron damina biyu,
ita kuwa, makauniya, ruwa iya ƙugu,
tana tsaye tana kiran akuyarta.

Kwana arba'in muka yi a firamaren Auyo,
aji ɗaya, gida shida.
Sauro ya ci rabonsa.
Gudawa ta ɗauke ɗan Tasallah,
ko yaye ba a yi masa ba.
An kawo tabarmi da taliya, an ɗauki hotonmu,
motar ta juya kafin la'asar.

Da muka koma na ga zanen laka a jikin tsamiya,
ya ɗara kaina da taƙi guda.
Can ƙasa ga tsagin wuƙar babana,
shaidar ruwan zamaninsa, iya ƙirji.
Ashe kogi ya daɗe yana aiko mana wasiƙa,
mu ne ba mu karanta ba.

Masu cewa ƙaddara ce ba su yi ƙarya ba.
Amma wa ya bar kachalla ta shaƙe wuyan kogi
har ruwa ya rasa hanyarsa ya biyo tamu?
Wa ya kwashe yashin gindin jinga?
Ni ma na ɗiba, amalanke biyu,
na yaɓe ɗakin ƙanena.
Ɗakin ma ya tafi.

Bana tun rani muka shiga da lauje,
matsattsaku a ƙwauri, muna yanka, muna ja.
Mata suka ɗinke tsofaffin buhunan taki,
yara suka cika su da ƙasa.
Jinga ta tashi, ba kyau, amma ta tashi.
Irin shuka yana cikin jarka, rataye a reshe.
An ɗora rumbu kan duwatsu,
an gina wa Hansai ɗaki a tudu,
tana ta mita wai iskar can ba ta san ta ba.
Ilu ya ce shi ba ya gusawa,
kabarin mahaifinsa na nan.
Mun bar shi, amma kwalekwalen Barmo
a ƙofarsa yake kwana.

Ni aka ba sanda.
Gora ce doguwa, na kafa ta a bakin ruwa,
fenti fari, sai rawaya, sai ja.
Ɗan'uwana a Ringim yana bugo waya:
ya wuce mu da asuba, ku shirya, ya yi kauri.
Kusa da ni ga tsohon ƙarfen taya da guduma.
Ran da ya taɓa ja, zan buga har kurma ya ji.

Yanzu dare ya raba.
Kwaɗi sun cika duniya da surutu,
batirin tocila ya fara kasala.
Na haska: rawaya ta nutse rabi.

Daga tudu muryar tsohuwa ta gangaro,
ita ma ba ta runtsa ba:
Jatau, ina ya kai?

Na ce, Inna, kwanta,
saura yatsa huɗu.