Takalmin Barira Yana Ankara

Ankarar Gana nake nufi,
wadda kakata ke ambata in an taɓo zancen goro da atamfa.
Kwana uku Sabi'u ya yago daga wurin aiki,
ya jera wurare goma sha ɗaya
a bayan takardar kuɗin wuta,
ya ce duk sai ƙafarmu ta taka.

Huɗu muka taka.

Ranar farko ta ƙare a neman ruwan zafin madarar Barira
da lallashin Ukasha ya fito daga lif ɗin masauki.
Sau tara yana hawa yana sauka,
sannan ya ce shi ya ga Gana, a koma gida.

Washegari muka cusa kanmu a motar haya,
yaron mota na watso sunayen unguwanni
kamar mai zuba tsakuwa a kwano.
Makola ba ta san baƙo ba.
Kifi busasshe, tumatir, mata da tuddan kaya a ka,
ni kuwa ƙirgen kawuna nake,
ɗaya, biyu, na ubansu uku,
shi ya fi saurin ɓacewa.

A Nima kunnena ya sha iska.
Wata dattijuwa mai shinkafa da wake a ganye
ta leƙa goyona ta ce, "Yarinyan ka ya yi kyau."
Ukasha ya buɗe baki zai gyara mata,
na take masa ƙafa.
Ta ce kakanta da jakai ya taso daga Katsina,
kwana arba'in ya zo yi,
ga shi har yau ba a gama ɗaure kayan komawa ba.
Ta ƙara mana ƙwai biyu, ta ture sidin da na miƙa.
Baƙin yajinta ya sa Sabi'u hawaye,
ya ce hayaƙi ne.

Hasumiyar nan mai ja da fari ta bakin gaɓa,
wadda ya kwana yana karanta tarihinta a waya,
mun isa gindinta yara sun yi nisa a barci.
Hoton yana nan:
mu biyu, kowa da buhun geronsa a kafaɗa,
rabin hasumiyar ma bai fito ba.

Sai teku.

Ni da iyakar ruwana Tiga,
na tsaya a Labadi bakina ya mutu.
Ukasha ya ja gefen mayafina:
"Umma, wa ke turo shi?
In an ɗauke wuta yana tsayawa?"
Ubansa ya soma bayanin wata da iska,
yaro ya riga ya tafi bin ƙaguwa.

A nan igiya ta lallaɓo
ta zare wa Barira takalmin hagu,
jan nan mai kuka in an taka.
Ba ta yi kuka ba.
Ta ɗora hannu ɗaya a ƙugu, ta miƙa ɗayan,
yadda nake mata in ta ɗauki ashana:
"Kawo."
Ruwa ya zo, ya lashi yatsunta, ya koma.
"Na ce kawo."
Ya sake zuwa hannu rabbana.
Ta juyo ta dube ni, da muryata sak a bakinta:
"Wannan ba ya jin magana."
Dariya ta zaunar da ni a jiƙaƙƙen yashi,
har da atamfar da na saya jiya.

A goye ta hau jirgi, ƙafa ɗaya da safa.

Mako uku ke nan da dawowarmu Gwammaja,
ina kakkaɓe jaka yashi na zuba.
Takardar Sabi'u na cikin aljihun wandon da na wanke,
wurare bakwai sun zama dusa.
Takalmin dama na kan taga, ta hana a yar.
Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa,
ta ce ɗan'uwansa yana Gana,
kwana kaɗan ya je yi.