Gobe-da-Nisa

Ina ɗan shekara bakwai na fara jin sunan,
a ƙauyenmu, arewa da Tanut, bayan girbi.
Na zaci wani baƙo ake jira,
don Inna Batula ta share tsakar gida sau biyu,
ta ce a ɗauke tabarmi daga ƙasa.

Na ce, wane ne Gobe-da-nisa?
Ta doke mini baki da bayan hannu:
"Ba a kiransa da dare.
Ka ce igiyar ƙasa.
Mai suna yana jin sunansa."

Da safe kawu Ma'azu ya nuna mini shi
ƙarƙashin karan gero, a naɗe kamar gammo.
Da ƙyar ya kai kamu ɗaya.
Launin yashi, ɗigo-ɗigo a gadon baya,
yana goga jiki da jiki,
ƙarar kamar an yayyafa ruwa a kaskon masa.

Kawu ya ce, kumurci tsaye yake tashi, ka gan shi,
kasa kuwa barci take, sai ka taka ta.
Wannan ƙaramin ba ya gargaɗi sau biyu.
Wanda ya sara da hantsi,
in ya ɗaga kai ya nemi gobe,
zai hango ta can, kamar Bilma ga gurgun raƙumi.
Ma'anar ke nan, yaro. Ja da baya,
bar shi da yashinsa.

Na girma, na sauka Damagaram,
na tarar sunan ya riga ni zuwa.
Ga shi da jan fenti a bayan motar 'yan kanwa.
Wani ɗan kokawa a Zango ya mai da shi kirari.
Tela Ɗan Jimo na Kasuwar Dole,
da ya riƙe mini yadi tun kafin azumi,
kullum "dawo gobe, saura wuya da aljihu",
shi ma haka yaran shago ke kiransa.
Yana dariya, ni ma ina yi.
A birni dafi ya zama wasa.

Sai wata Laraba waya ta yi ƙara.
Kawu ya sa hannu cikin damin harawa.
An ɗaure, an tsaga, an ɗora baƙin dutse,
an jiƙa saiwa uku an ba shi.
Amalanken shanu ya kai shi ɗakin magani,
mai duba shi ya buɗe firij, ya rufe,
ya ce a gwada Tanut.
Tanut ta ce Damagaram.
Mota kuwa sai ran kasuwa.
Na bi hanya na je na same su,
hannun ya kumbura ya fi cinyarsa.

Gobe fa ta zo.
Jibi ma haka.
Yana magana, yana tambayar wa ya shayar da awaki,
jini na tsattsafowa daga dasashi,
daga tsohon tabon lauje a ƙaurinsa.
Ran na huɗu, muna hango duwatsun Birni,
ya ce in gyara masa hula.
Na gyara. Direba ya rage gudu
ba tare da kowa ya ce masa.

Tun ranar nake gardama da wanda ya raɗa sunan.
Kaka, ko wane ne kai, ka yi kuskuren awo.
Goben ta zo har sau uku, ta zauna, ta jira mu.
Hanya ce, da ramukanta,
da kwalbar da ba ta cikin firij.
Su ne da nisa.

Na karɓo rigar bayan sadakar arba'in.
Yaran suka ce, ga mai kayan Gobe-da-nisa.
Na ce, Ɗan Jimo, nawa ne cikon?
Ya dube ni, bai yi dariya ba.

Jiya da dare 'yata Habsu ta tambaye ni,
me aka rubuta a bayan motar nan?
Hannuna ya ɗaga, na mayar da shi.
Na ce, igiyar ƙasa ce. Kwanta.
Da safe zan faɗa miki sunansa.