Numfashin Zare

A Ƙofar Sauri aka yanke mini cibi,
sai na ɗauki sunan ƙofar tamkar wasiyya.
Na koyi ɗinkin hula a rumfar Baba Nomau,
mu huɗu a tabarma, ni ne mai cije leɓe,
ni ne mai rantsuwar gama layi goma kafin azahar.

Ran da Alhaji Mantau ya kawo aikin hular ɗansa,
ya ce ango ne, saura kwana goma sha biyu,
na ce a raina, ga hular da za ta fitar da sunana.
Na daina zuwa majalisa.
Na koma cin tuwo a tsaye.
Na yi ta ɗinki a hasken tocila har idona ya kaɗa,
kowane zare na ja shi
kamar mai ɗaure ɓarawon akuya.

Kwana huɗu, allura uku sun karye.
Ƙyallen ya tattare kamar goshin mai bin bashi.
Zanen da na so ya miƙe ya karkace,
shuɗi ya shaƙe fari, fari ya nutse.
Na warware, na sake, na ƙara ƙarfi,
abin ya ƙara muni.

Baba Nomau bai yi faɗa ba.
Ya karɓi hular, ya juya cikinta waje,
ya shafa da babban yatsa, ya tauna goronsa.
Ya ce, "Lawai, zaren nan me ya yi maka?
Ka hana shi numfashi.
Allura ɗan tsako ce a hannu,
ka matse ya mutu, ka sake ya gudu."
Sai ya cusa hular ƙarƙashin cinyarsa,
ya aike ni Ƙofar Guga sayen zaren
da na san sarai akwai shi a jakarsa.

Na tafi ina ƙunƙuni.
A hanya na tsaya bakin wata rijiya,
wata dattijuwa na ɗiba, hannunta duk jijiya.
Na ga ta zura guga har ya taɓa ruwa,
sai ta saki igiya kaɗan, ta dakata.
Gugan ya kwanta a gefensa, ya sha, ya nutse.
Da ta riƙe igiyar tam,
da yana nan tsaye a kan ruwa, wayam,
ita kuwa tana gumi.

Ban ce mata komai ba, ba ta ma gan ni ba.

Daren nan na yi barci har da mafarki.
Da safe na sha koko a zaune,
na ji labarin ƙwallon jiya a bakin Ilu,
sannan na ɗauki allura.
In ƙarfina goma ne, takwas na ba ta,
biyun na bar wa ido da kunne,
da kafaɗar da ta daɗe a ɗage ban sani ba.

Zare ya kwanta da kansa.
Can wajen kwana na uku
wani lanƙwaso ya zo wanda ban zana ba,
kamar sawun ƙadangare a kan rairayi.
Da a jiya ne, da na warware shi.
Na bar shi, na bi shi, ya zagaye hular.

Na gama saura kwana biyu.
Alhaji Mantau ya juya ta, ya sake juyawa,
ya tambayi sunan zanen.
Baba Nomau ya ce, "Ba a raɗa masa ba tukuna."

Yanzu rumfar tawa ce, Allah ya ji ƙan tsoho.
Ba zan ce na warke ba:
ranar da aiki ya taru, haƙorana kan haɗu,
in ji zare na kuka a cikin ƙyalle.
Sai in soke allura a hannun riga,
in miƙe ƙafa,
in aiki yaro ya kawo mini ruwa.