Ta Ɗari Uku da Ɗaya

Ɗari uku kacal aka naɗa a Esteli,
kowace da lambarta a ɗamarar zinariya,
kowace ta kwanta a akwatin al'ul
ta tafi ƙasashen da ba su san hanyar gonata ba.
An ce kuɗin guda zai sayi alfadarina
har da sirdin.

Sai ga Yadira, 'yata, da yammacin Asabar,
ta sauko a motar Jalapa da laka a takalmi,
ta warware wani ƙyalle a kan gwiwata:
"Baba, ragowar ganye ce, maigida ya ce in ɗauka.
Wannan ba lamba, ba ɗamara.
Ni na naɗa ta.
Ganyen shekarar da kogi ya ci gada ne."

Na san shekarar.
Damina goma sha huɗu ke nan.
Ita ce ta ƙarshe da Eulalia ta zauna a rumfar shanya,
allura a hannu, zare a baki,
tana soke ganye biyu-biyu, baya da baya,
tana yi mini faɗa kan ƙofar da na ƙi gyarawa.

Ban yi gaggawa ba.
Na murza ta kusa da kunne, ta yi raɗa.
Fatarta baƙi-baƙi, da maiƙo,
kamar goshin doki bayan tafiya.
Na datse kanta da wuƙar aljihu,
na ƙyasta ashana, na bar warin ya wuce,
sannan na gasa ƙafarta a hankali
yadda ake ɗumama hannun jariri.

Zuƙar farko barkono ce, ta mare ni a hanci.
Na yi tari, Yadira ta yi dariya.
Ta biyu ta sauko, ta nemi gafara:
ƙamshin ƙasa in yayyafi ya taɓa ta,
gahawa da ta kwana a tukunya,
da wani zaƙi can ƙasa-ƙasa
irin na rake da aka manta a bakin murhu.

Ba a haɗiye ta. Riƙe ta ake a baki
kamar maganar da ba ka so ka faɗa tukuna,
sannan a sake ta ta tafi.
Hayaƙin ya bi ta tsakanin ganyen ayaba,
shuɗi, mai nauyi, ba ya sauri,
sai ka ce shi ma ya tsufa a kwarin nan.

Toka ta tsaya fara, tsawon gaɓar yatsa biyu.
Ban karkaɗe ta ba.
Kaji suka hau bishiya, kwaɗi suka karɓi aiki,
dutsen gabas ya shige duhu har wuya.

A tsakiyarta na tarar da rumfar:
katako mai laima, ganye rataye har sama,
haske yana tsiyaya ta tsagar bango,
da yatsu goma, baƙi ƙirin da danƙon taba,
waɗanda sabulu bai taɓa cin galaba a kansu ba.
Masu kuɗi a can za su ce sun ji zuma, sun ji kanumfari.
Su ji.
Ba za su san hannun wa suke ɗanɗanawa ba.

Na sha ta har ta ƙona mini ɗan yatsa,
ban kuma kashe ta ba, na ajiye ta ta mutu da kanta.

"To, Baba, yaya ka ji?"

Na dubi ƙofar nan, har yau a karkace.
Na ce, "Kin ɗan matse ta a wuya.
Uwarki ma haka take ɗaurin komai."