Wasaki

Da rana ni ne Alkasum Nomau,
tebur na uku a merin Tawa,
mai rubuta takardar haihuwa.
Uba ya zo da suna ɗanye a bakinsa,
ƙaurin rago bai bar rigarsa ba,
in ba shi lamba, in buga hatimi.
Shekara ashirin da biyu ina ɗaure wa mutane sunayensu
kamar akuya a turke.

Da dare kuwa, in Barira ta kashe fitila,
sai in kwance nawa.

Kada ka ce baƙon abu na ɗauko.
Innata har ta koma ga Allah
ba ta kira sunana ba, ni ne ɗan fari.
"Kai wannan," take cewa,
kuma ban taɓa kasa amsawa ba.
A wurinta na koya
ana ɓoye suna don kunya, ana ɓoye shi don so.
Na ukun, tsoro, a ofis na same shi.

Shekarar da famfon unguwarmu ya ƙafe wata huɗu,
mata na jera jarka tun kafin assalatu,
na yi baiti goma sha biyu
kan inda kuɗin gyara ya kwana.
Na san ɗakin, bango ɗaya ya raba mu.
Albashina kuwa bakin yara bakwai ne.
Na ɗaga biro zan sa hannu,
hannu ya ƙi.

Na gwada Gaskiya Ɗaci, na ji ya cika wa'azi.
Na gwada Zakin Adar, na yi wa kaina dariya,
ni da karen maƙwabta ke sa ni sake hanya.
Sai na tuna rijiyar kakana, gaba arba'in,
da tsohon wasakin da ke sauka cikin duhu
ya hau da abin da ya tarar, ruwa ko laka,
ba mai tambayarsa wa ya jeme shi.
Na rubuta: Wasaki.
Hamidin mai injin buga takardu ya karɓi jikka biyu,
ya rantse bai gan ni ba.

Yanzu a fada, ana zuba shayi na biyu,
ina zaune ana fiɗa ta, ana kasawa.
Asumane ya ce malamin lakwal ne daga Ƙwanni.
Wani ya ce mace ce,
namiji ba ya lura da kanta a tafin mai ɗaukar ruwa.
Shugabana ya ce ranar da ya kama shi
sai ya gane barkono ba ado ba ne,
sannan ya miƙo mini kofi.

Bara wani saurayi, Kadri,
ya fara murmushi in an ambaci sunan.
Bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne.
Aka saya masa tsire.
Ni na tauna iska, ta tsaya mini a wuya kwana uku.
To, wanda ya ɓuya
ba ya fushi don ba a gan shi ba.

Barira ba ta yi boko ba, 'yarmu ce ta karanta mata.
Ta saurara tana tsinkar zogale,
ta ce, "Mutumin nan yana tari irin na gidan nan."
Ba ta ƙara ba.
Tun ranar ba ta sake kashe fitila ba,
sai ta juya fuska bango.

Wani dare nakan ji ya fi ni tsawo.
Ni ina gaisuwa da hannu biyu,
shi yana kallon mutum tsakiyar ido.
Ni na haife shi, amma shi ke yi mini faɗa
in na tausasa baiti.

Ranar da za a kai Alkasum makwancinsa
wani a tebur na uku zai cika takarda,
ya hura wa hatimi, ya buga.
Wasaki ba shi da takardar haihuwa.
Na duba, ni ke riƙe da rajista.
Ban san ta inda za su bi
su rubuta ya mutu ba.