Fatar Ruwa

A birnin Lund rana ta faɗi tun kafin la'asar.
Tuva ba ta lura ba, tana sunkuye kan tasar gilashi.
Ta rataya ɗan fallen ƙarfe, ya taɓa fatar ruwa,
tana auna yadda ruwan ke riƙe kansa.

Ta ɗiga sabulu. 'Ya'yansa masu hali biyu ne,
kai na son ruwa, jela na ƙyamarsa,
sai suka jeru a sama, kai ciki, jela a iska.

Can ƙasa akwai dogon zare mai ɗauke da caji,
ya daɗe yana gararamba shi kaɗai.
Nasa akasin nasu ne,
sai ya hauro ya maƙale musu.
Fata ta saki jiki, lambar ma'auni ta sauka.

Kwaɗayi ya sa ta ƙara ɗigo ɗaya.
Ruwa ya yi fari kamar an zuba madara,
suka dunƙule, suka nutse,
saman ya zama kufai.

"Aikin sati uku," ta ce wa Gösta mai gogen daɓe.
Ya matse tsumma a bokiti, kumfa ta taso.
"Nawa sabulun dai bai taɓa ba ni kunya ba."